Garin maca da ake tallatawa: abinci ne ko magani, kuma me ke cikin kwalbar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai tun jiya. Ƙanwata ce za a ɗaura wa aure bayan Sallah. Ƙawayenta sun haɗa ta da wata mai kayan gyaran jiki a Instagram, ta sayo abu biyu: wani gari ruwan ƙasa a leda, da wani ruwa mai zaƙi a kwalba, duka an rubuta maca a jiki. An ce mata yana ciko da ƙugu da mazaunai, yana kuma ƙara ni'ima. Yau sati biyar tana sha safe da dare. Ƙiba kam ta yi, amma ni a fuska na fi ganinta, kumatu sun yi suntum, ga ƙuraje, ga cin abinci ba ji ba gani. Mahaifiyarmu murna take yi wai amarya ta murje. Ni hankalina bai kwanta ba. Mene ne wannan abin? Itace ne ko haɗi ne?

Anti Mai Turare:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki. Shekara uku ke nan ina sayar da shi, ban taɓa samun wadda ta dawo da kuka ba. Saiwa ce daga ƙasar waje, ba maganin Bature ba ne. Amare da masu jego duk suna saye. Ƙurajen nan datti ne yake fita.

Ummu Sudais:
Ni tambayata ta farko ma, yaya ake kiran sunan? Wasu na ji suna cewa "macha", wasu "maka".

Abban Hanifa:
Malama Ummu Sudais, "maka" ake furtawa. Mu ne da muka saba karanta harafin c kamar a ciki da cokali muke juya shi. Akwai wani abu daban da ake kira matcha, garin koren shayi ne na ƙasar Japan, babu abin da ya haɗa su, amma na ga masu talla suna cakuɗa su.

Maman Ilham, zan faɗi abin da na sani ta ɓangaren noma, don shi ne aikina. Maganar lafiyar ƙanwarki kuwa akwai masu ita a gidan nan.

Na taɓa zuwa ƙasar Peru horo kan irin dankalin Turawa. A Lima babban birninsu ne hedikwatar cibiyar binciken dankali ta duniya take, suna da gonar gwaji a Huancayo, can saman duwatsun Andes. A can na fara ganin maca, kuma ba a shagon magani na gan ta ba. A bakin titi na gan ta da sassafe, wajen mata masu tura amalanke da manyan tukwane, kamar dai masu kokonmu. Ma'aikata da 'yan makaranta su tsaya, a zuba musu kofi mai zafi, su haɗa da burodi su wuce. Na sha. Kauri kamar kunun gyaɗa marar nauyi, ga wani ƙamshi kamar na soyayyar gyaɗa da ƙonannen sukari, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Abin karin kumallo ne, babu mai ɓoyewa, babu mai raɗa.

Ita shukar dangin kabeji ce, masana na kiranta Lepidium meyenii. Ganyenta a ƙasa yake shimfiɗewa, ba ya tashi sama, saiwar kuma kamar ƙaramar albasa. Akwai ruwan ɗorawa, ita ta fi yawa, akwai ja, akwai baƙa. Inda ake nomanta sosai shi ne yankunan Junín da Pasco, kewayen tafkin Junín, a tudun da ya kai mita 4,000 zuwa 4,500 sama da teku. A wannan tsayin masara ba ta yi, da dare ƙanƙara ke sauka, da rana kuma rana ta ƙona fata, ga iska. Shi ya sa mutanen wurin suka riƙe ta da daraja: tana cikin 'yan abubuwan da ƙasarsu ke iya ba su. Makiyayan tumaki ne da alfaka, wata dabba mai gashi dangin raƙumi, su busar da ita su sauko da ita kwari su yi musaya da masara da sauran abin da ba ya fita a wajensu.

Ɗan Filato:
Malam, tunda dankalin Turawa daga can ya fito kuma ya karɓi Bokkos da Mangu, me zai hana mu gwada ita ma? Kuɗin da ake zubawa a wannan garin ba kaɗan ba ne.

Abban Hanifa:
Na yi wannan tunanin ni ma. Amma duba lissafin. Jos ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ka ga ko ƙololuwarmu da kaɗan ta haura rabin inda maca ke zama. Dankali ya yarda da sassauci, ita tana son sanyin da ke daskarar da ruwa. Sannan tana cin ƙasa sosai. Wata takwas zuwa tara take yi kafin a tone, kuma a al'adarsu bayan an cire ta sai a bar gonar ta huta shekaru, tumaki na kiwo a kai suna mayar mata da taki.

Wani abu da ya shafi tambayar Maman Ilham kai tsaye: mutanen can ba sa cin busasshiyar maca ɗanya. Bayan girbi sukan shanya ta makonni, rana ta buga, sanyin dare ya buga, har ta yi tauri kamar dutse, a haka takan yi shekaru a ajiye. In za a ci sai a jiƙa ta kwana, a tafasa sosai, a dama kunu ko a yi fate da madara. Sabuwar tonowa kuma gasa ta suke yi a rami da zafafan hoge. Su da kansu suna cewa ɗanyar tana ɓata ciki. Mu kuma nan sai a ce wa yarinya ta zuba ɗanyen gari a yogot ta shanye.

Anti Mai Turare:
To Malam ai ka gaskata ni. Abinci ne, mutane na sha kullum har da yara. Ina matsalar?

Sista Mairo:
Anti, da girmanki, matsalar tana nan. Malam ya yi maganar saiwa da ake tafasawa a Peru. Maman Ilham kuma tana maganar kwalbar da ba mu san wanda ya dafa ta ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha huɗu a ɗakin mata. Bari in faɗi abin da ya tayar mini da hankali a saƙon farko. Garin maca yawancinsa sitaci ne, kusan kashi 60 cikin 100, sai furotin kamar kashi 10 da ɗoriya. Cokalin shayi ɗaya bai kai ƙarfin loma ɗaya ta tuwo ba. Wannan ba zai kumbura fuskar mutum cikin sati biyar ba. Abin da na san yana sa kumatu su yi zagaye kamar faranti, ƙuraje su feso, ci ya buɗe, shi ne dangin dexamethasone, abin da mutanenmu ke kira sha-ka-fashe. Akwai kuma cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura, wanda ke buɗe ci ya sa barci, shi ma ana zuba shi a irin waɗannan ruwan. Ban ce lallai shi ne a kwalbar ba tunda ban auna ba, amma alamun da aka lissafa nasa ne, ba na saiwa ba.

Kuma wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Ruwa ne jiki ke riƙewa, kitse ya taru a fuska da ciki da doron wuya, cinyoyi da hannuwa su rame. Yana tayar da sukari da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki da ƙashi, yana hargitsa al'ada. Na ga amaren da aka kawo mana wata biyu da biki, fata ta tsattsage, ana cewa sammu ne.

Maman Ilham, ki lura da wannan sosai: kada ki ƙwace kwalbar yau ki zubar. In har akwai dexamethasone a ciki kuma ta yi sati biyar a kai, tsayarwa farat ɗaya na da haɗari, don jiki ya rage yin nasa sinadarin ya dogara da na waje. Likita ne zai rage mata a hankali. Ki kai ta asibiti da kwalbar a hannu.

Maman Ilham:
Innalillahi. Sista wallahi jikina ya yi sanyi. Ta ce mini ma kwanan nan ƙishirwa na damunta, tana yawan tashi fitsari da dare.

Sista Mairo:
To a auna sukarinta gobe-goben nan, da awon jini. Kada a jira bayan biki.

Anti Mai Turare:
Ni dai gari nake sayarwa da ƙwayoyi, ruwan kwalba sau biyu kawai na taɓa saro shi. Kada a yi mana kuɗin goro. Muna da 'ya'ya mu ma, da wannan sana'ar nake biyan kuɗin makaranta.

Hajiya Babba:
'Yata babu wanda ya zage ki. Ki tsaya ki saurara, ilimi ake ba mu kyauta. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da 'ya'yanmu kamar ragon layya, sai an turke an yi kiwo kafin a kai su. A zamaninmu ana gyaran amarya, ba a fasa ba: kunun aya da dabino, kaza, nono, gumba, hutu da lalle. Yarinya ta yi sheƙi ba tare da an canja mata halitta ba. Yanzu kowa so yake ya ga ƙirar da ya gani a waya.

Baban Walid:
A yi haƙuri in shigo ta ɓangaren maza, tunda mu ma ana tallata mana ita. An ce baƙar tana ƙara ƙarfi da yawan maniyyi. Shekara shida muna neman haihuwa ta biyu. Akwai gaskiya a ciki ko babu?

Famasis Abu Ammar:
Allah Ya kawo masu albarka, ɗan'uwa. Akwai ɗan abin da za a riƙe, amma bai kai yadda ake kururutawa ba.

Maganar maca da haihuwa tsohuwa ce. Wani limamin Kirista ɗan Sifaniya, Bernabé Cobo, ya rubuta a 1653 cewa tana fita a wuri mafi sanyi inda sauran amfanin gona ba ya yi, kuma mutanen wurin na danganta ta da yawan haihuwa. A zamanin nan wanda ya fi yin bincike a kanta shi ne Farfesa Gustavo Gonzales na jami'ar Cayetano Heredia da ke Lima. A wani gwaji da suka buga a 2002, sun ba maza lafiyayyu masu shekara 21 zuwa 56 giram 1.5 ko giram 3 a kullum har sati 12, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki. Daga sati na takwas waɗanda suka sha macar suka ce sha'awarsu ta ƙaru. Amma da aka auna sinadarin testosteron a jininsu bai motsa ba. Don haka duk mai ce maka tana ƙara sinadarin mazantaka, binciken mutanen Peru da kansu ya saɓa masa.

Batun maniyyi, gwajin farko da ake yawan ambata an yi shi ne a 2001 kan maza 9 kacal, babu kuma rukunin da za a kwatanta da su. Maganar cewa baƙa ta fi ga maniyyi, ja ta fi ga kumburin prostate, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yawancinta a kan ɓeraye aka gani. A 2010 wasu masana suka tattara duk gwaje-gwajen da suka cika sharaɗi kan maca da sha'awa, guda 4 kawai suka samu, suka ce shaidar ba ta da ƙarfin da za a yanke hukunci. Daga baya an yi wani a Amurka kan matan da maganin ciwon damuwa ya kashe wa sha'awa, an ga ɗan amfani, musamman ga waɗanda al'ada ta ɗauke musu.

Na cikon ƙugu da mazaunai kuwa, wannan ba daga Peru ya fito ba, ba daga ɗakin bincike ba. Daga masu talla ya fito. Babu abincin da ke zaɓar inda kitse zai zauna, gado da halitta ke yanke wannan.

Shawarata gare ka, kafin ka sayi komai ka je a yi maka awon maniyyi, ba shi da tsada kuma ba ya ɗaukar lokaci. Sau da yawa a gidajenmu matar ake ta ɗirka wa magani shekaru, mijin bai taɓa zuwa ba. In kumburin jijiyoyin maraina ne, ko sanyi, ko sukari, gari ba zai warware shi ba. Sannan ka yi hattara da ƙwayoyin maza masu aiki cikin rabin awa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama irin waɗannan da sildenafil a ɓoye, wato sinadarin Viagra, alhali an rubuta ganye zalla. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin buɗe jijiyoyi in ya haɗa da shi, jininsa na iya faɗuwa warwas. Maca ta gaskiya a gwajin ma sai da ta yi wata biyu.

Baban Walid:
Na gode Malam. Gaskiya ban taɓa yin awon ba. Zan je in sha Allah.

Inna Maraɗi:
Nan wajenmu ma ta shigo, daga Kano da Kwatano ake kawo ta. Ni ina da maƙoƙo, ina shan magani daga likita. Ɗiyata ta kawo mini garin wai don ƙarfin jiki. In sha ko in bari?

Famasis Abu Ammar:
Inna, ki dakata tukuna ki nuna wa likitanki. Dangin kabeji duka suna da wasu sinadarai da kan iya takura wa aikin ƙullutun wuya (thyroid) wajen amfani da sinadarin aidin, musamman in ɗanye ne kuma jiki na da ƙarancinsa. Tafasawa na rage su, wata hikimar ke nan ta masu abin. Mai ciki da mai shayarwa su ma su bari. Ko ƙasar Sin, lokacin da ta amince da garin maca a matsayin abinci a 2011, ta ƙayyade kada a wuce giram 25 a rana, ta kuma ce ban da jarirai da masu ciki da masu shayarwa. Anti Mai Turare, wannan ya shafi masu jegon da kika ambata.

Ustaz Abu Maryam:
Wata tambaya ta fuskar addini. Na ga wata roba an rubuta gelatinized a jiki. Ba jelatin ɗin nan na ƙashin alade ba ne?

Famasis Abu Ammar:
A'a Ustaz, suna ne ya yi kama. Ana nufin an dafa garin da zafi da matsi har sitacin ya narke, don ya yi sauƙi a ciki. Shi ne ma ya fi kusa da yadda masu abin ke ci. Inda za ka bincika shi ne kwanson ƙwayar, shi kam ana yinsa da jelatin na saniya ko na alade, ko kuma na tsirrai. Masu kirki suna rubutawa.

Ustaz Abu Maryam:
Allah Ya saka. Ni abin da zan ƙara, ga masu saye da sayarwa: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu, Muslim ya ruwaito. Wanda ya zuba maganin asibiti a zuma ya ce saiwa ce, ya yi ha'inci. Wanda ya sara bai sani ba, da zarar ya ji shakka wajibi ne ya tsaya ya bincika, don jikin 'yar mutane amana ce a hannunsa.

Abban Hanifa:
Bari in dawo da mu gona kaɗan, don akwai abin da ke taɓa ni a labarin nan a matsayina na ɗan manomi. A shekarun 1980 maca ta kusa ɓacewa, gonakinta duka ba su wuce 'yan gomomin hekta ba, mutanen birni na ganinta abincin talakan ƙauye. Su waɗannan makiyayan ne suka riƙe irin. Da duniya ta waye da ita, sai ga wani kamfanin Amurka, Pure World Botanicals, ya samu takardar mallakar fasaha a 2001 kan wani abin da ya tace daga cikinta. Manoma suka yi ca, suka ce ilimin kakanninsu ne. Wannan rikicin na cikin abin da ya sa Peru ta kafa hukumar yaƙi da satar albarkatun halitta a 2004. Tun 2003 ma sun hana fitar da iri da saiwar da ba a sarrafa ba.

Duk da haka a 2014 'yan kasuwar Sin suka cika garin Junín da tsabar kuɗi, farashi ya ninka kusan sau goma, ana fasa-ƙwaurin saiwar ta kan iyaka, ɓarayi na shiga gonaki da dare. Talakan da ya tashi da kununta ya koma ba ya iya saye. Kowa ya ruga ya shuka, can lardin Yunnan na Sin su ma suka shuka da yawa, ba a jima ba farashi ya rushe, masu bashi suka shiga uku. Yau wani garin da ke yawo a kasuwa bai taɓa ganin Peru ba.

Duk sanda na tuna wannan sai in tuna goron Tula na Gombe, yadda ya fita daga ƙauye ya cika intanet. Ina fata masu abin su kasance su ke cin moriyar, kuma a kula da itatuwan.

Ɗan Filato:
Wannan haka yake. Zogale ma mun ga yadda aka yi, ana ƙulla shi a roba a sayar mana da tsada.

Anti Mai Turare:
Na karanta duka, har sau biyu. Famasis, tsakani da Allah yaya zan gane na kirki? Wanda nake sarowa a buhu yake zuwa, ni nake ƙullawa in manna takarda.

Famasis Abu Ammar:
Anti, na ji daɗin wannan tambayar. Da ido ba za ki gane ba, garin rogo da aka soya da ɗan kala zai iya wucewa. Ki nemi wanda ya zo a rufe daga kamfani, da sunan kamfanin da adireshi, ƙasar da aka noma, lambar zubi, ranar lalacewa, da lambar NAFDAC da za ki iya dubawa a shafin hukumar. Ki sani kuma lambar maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba ba ya cutarwa ne, ba wai an tabbatar yana yin abin da aka ce ba. Sannan ki daina rubuta maganar ƙugu a jiki. Ki ce abinci ne, a dama a kunu mai zafi, cokalin shayi ɗaya. Ruwan kwalba marar suna kuwa ki rabu da shi gaba ɗaya.

Anti Mai Turare:
Akwai saura kwalba bakwai a shago. Na sauke su daga kanta yanzu. Zan kira waɗanda na sayar wa, mutum biyar ne, ina da lambarsu.

Sista Mairo:
Allah Ya yi miki albarka Anti. In kin kira su ki tambayi tsawon lokacin da suka yi suna sha. Wadda ta wuce sati biyu zuwa uku, kada ta daina sha da kanta, ta ga likita.

Maman Ilham:
Na zauna da ita da Mama bayan isha'i, na karanta musu saƙon Sista. Da farko ta yi fushi, wai ina mata baƙin ciki, an riga an ɗinka kaya a kan wannan jikin. Da na sa ta ɗauko hotonta na watan jiya ta haɗa da madubi sai ta yi shiru, ta fara kuka. Ta yarda za mu je da safe. Sista, ta karya kafin mu tafi ko ta bari?

Sista Mairo:
Kada ta ci komai, ruwa kawai, don awon sukarin ya fito daidai. Ku fita da wuri ku samu layi, ki riƙe mata abin karyawa a jaka. Ki tafi da kwalbar da ledar garin duka, ki kuma rubuta ranar da ta fara da cokali nawa take sha, likita zai tambaya.